Haka Yake Tun Yana Yaro

Na daɗe ina juya wannan rubutu a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, batun kuma na likitoci ne, ina tsoron in faɗi abu a karkace wani ya ɗauka ya yi aiki da shi. Bayan haka, aikina na jin sirrin mutane ne, mai irin wannan aiki kuwa bai kamata a gan shi da takarda yana ba da labari ba. Na fara na yage, na sake farawa na ɓoye a ƙarƙashin katifa. Abu biyu ne suka zaunar da ni a ƙarshe. Na farko, samarin da ke zuwa wurina suna cewa in koya musu tafinta a asibiti, suna ganin aikin mako guda ne. Na biyu, wani mutum mai suna Haruna, mai sayar da albasa a unguwar Maamobi ta Accra, wanda za a fitar daga ɗakinsa bayan Babbar Sallah idan ba a sami wanda ya san shi tun da can ba. Duk sunayen da ke nan na canza su, ban da nawa da nasa. Shi ya ba ni izini da bakinsa.

Sunana Idirisu, a Nima aka haife ni, ana ce mini Baba Tafinta. Da, yaron mota ne ni a tirotiro, motar hayar nan ta Accra, hanyar Nima zuwa unguwar Madina. A bakin ƙofar mota na koyi harshen Twi da na Ga da ɗan Turanci, Dagbanci na sha a nono, Zabarmanci kuma na tsinta a wurin masu kaya. Yanzu aikina shi ne zama tsakanin mara lafiya da likita a ɗakin masu larurar ƙwaƙwalwa na wani ƙaramin asibiti, in kai magana in dawo da magana. Ni ba likita ba ne, ba nas ba ne. Duk abin da zan faɗa a kan ciwo, daga bakin Sista Akosuwa na ji shi, nas ɗin da muka daɗe muna aiki tare. In an ga kuskure, nawa ne, ba nata ba.

Kwanan baya wani saurayi ya tare ni a wurin mai shayi. Ya ce, "Baba, wai me ke cikin aikin nan? Mutum ya ce cikinsa na ciwo, ka ce wa likita cikinsa na ciwo. Ai ko wayata za ta yi."

Na ce, "In ciki ne, wayarka za ta yi. In hali ne fa?"

Ya ajiye kofi yana dariya. "Hali kuma ana kai shi asibiti? Ai da an kai kawuna tun bara."

Ban ga laifinsa ba. Ni ma haka na yi zato kafin in shiga.

Wadda ta koya mini aikin ita ce Inna Salamatu, Allah Ya jiƙanta. Mai shara ce a asibitin, ba a ɗauke ta tafinta ba, amma in an kawo mutumin Zango, wato unguwannin Hausawa da sauran baƙin arewa, wanda ba ya jin Twi, sai ta jingine tsintsiya ta shiga. Ranar da muka fara haɗuwa, wani maƙwabcinmu na raka. Likita ya tambaye shi yadda suke da mahaifinsa, ya buɗe baki ya saki maganar da ba zan iya rubutawa ba. Ni kuwa na ce wa likita suna ɗan samun saɓani. Da muka fito, ta ja ni bayan tankin ruwa.

"Kai ɗan nan, wa ya aike ka wanki?"

"Wanki kuma, Inna?"

"Mutum ya ba ka magana da dattinta, ka wanke ka goge ka miƙa wa likita. To me zai gani? Dattin yake nema."

Na ce ai kunya ce ta kama ni. Ta ce, "Ka riƙa barin kunyar a bakin ƙofa. In ka fito ka ɗauki abarka."

Daga ranar ta sa nake zama a bayanta ban cewa komai. In an tashi sai ta ce in maimaita mata abin da mutumin ya faɗa, sa'annan in faɗa mata inda ya yi shiru, da wanda ya kalla kafin ya amsa. Na daɗe a haka kafin ta bari in buɗe baki.

Kayan aikin ba su da yawa, amma kowanne da ƙa'idarsa. Kujera ita ce ta farko. In ka zauna kusa da likita, ka zama mutumin likita. In ka manne wa mara lafiya, zai ɗauke ka lauyansa, ranar da ka faɗi abin da ba ya so kuma ka zama maci amana. Gefe ake zama, inda kowa zai ga fuskarka. Fuskar ma kayan aiki ce, ba a ɗaga gira ko me aka ji. Ina shiga da ruwan leda biyu, ɗaya nawa ɗaya nasa, in bar shi ya zaɓa, ni in sha wanda ya bari. Waya a kashe take, kuma a gabansa nake kashe ta in kife a kan tebur. Carbi yana aljihu, don hannuna ya sami abin riƙewa. Kafin in fita gida nakan duba waɗannan abubuwa, in na kai bakin titi in sake dubawa. Sista ta ce wannan ma hali ne, amma tunda bai hana ni zuwa aiki ba, kuma bai kori matata ba, in ci gaba da abina.

Ranar da aka kawo Haruna, Alhaji Sumaila ne ya kawo shi, mai gidan da yake haya, tsohon ɗan kasuwar goro. Haruna dogo ne, ya haura arba'in, yana da tabo mai faɗi daga saman kunnen hagu zuwa tsakiyar kai, hula ba ta rufe shi duka. Bai zauna ba sai da ya leƙa bayan labule. Na ba shi kujerar bakin ƙofa, domin mai yawan zargi ba a shiga tsakaninsa da hanyar fita. Ya kalli ledojin ruwan ya ƙi duka biyun.

Ƙorafin mutanen gidan shi ne zargi. In yara suka yi dariya a tsakar gida, da shi suke. In mai dafa abinci ta hura wuta, hayaƙin ɗakinsa aka nufa. Gaisuwar da wani bai amsa masa ba tun watannin baya tana nan a ransa kamar yau. Abin da ya kawo su asibiti shi ne, ya kifar da robar ƙullun wata mai koko, ya ce da gangan ta tare masa ƙofa. Ba ya jin muryoyi, ba ya ganin abin da babu, ba ya shan komai, yana sallah, yana cinikinsa.

Likita ya tambayi Alhaji, tun yaushe yake haka?

Alhaji ya gyara babbar riga ya ce, "Haka yake tun yana yaro. A hannuna ya tashi. Ba ciwo ba ne, likita, hali ne. Ubansa ma haka yake."

Na kai maganar yadda aka ba ni ita. Duk lokacin da na yi Turanci, Haruna zai kafa mini ido ya ce, "Mi ka ce mai?" irin Hausar mutanen Nijar, sai na maido masa kalma bayan kalma. Likita ya tambaye shi tabon. Ya ce, "Faɗuwa." Yaushe, a ina? Ya ce, "Wa ke son sani?" 

A nan ne ya kamata in bayyana abin da likita ke nema, yadda na fahimce shi. Kowa yana da hali. Akwai mai zafi, akwai mai tsoro, akwai mai son a yabe shi, wannan ba ciwo ba ne. Amma akwai inda hali ke sandarewa ya ƙi lanƙwasa. Mutum ya kasance hanya ɗaya tak yake kallon mutane da kansa, a gida haka, a kasuwa haka, a masallaci haka, shekara da shekaru, abin yana cin sa yana cin na kusa da shi, aure ya mutu, aiki ya kuɓuce, shi kuma sau da yawa gani yake duniya ce ta karkace. Likitoci suna da sunansa da Turanci, ni da Sista larurar hali muke ce masa. Iri-iri ne. Na fassara wa wanda ba ya yarda da kowa, na fassara wa wanda bai damu da zama da kowa ba ko kaɗan. Na ga wanda zai cuci mutum bai ji ko ɗar ba, na ga wadda ba ta iya zaɓar zanen da za ta ɗaura sai an zaɓa mata, da wani tela da ya rasa masu ɗinki domin ba ya gama riga, kullum akwai zaren da bai zauna daidai ba.

Na tambayi Sista me ke kawo shi. Ta ce ba abu ɗaya ba ne. Wani ɓangare da shi ake haihuwar mutum, kamar yadda wani jariri ke da firgita wani ba shi da ita. Wani ɓangare kuma daga abin da ya same shi yana ƙarami ne: duka, wulaƙanci, rashin mai kula, ko a yi ta miƙa yaro daga wannan hannu zuwa wancan. Ta ja kunnena cewa ba duk wanda ya sha wuya ke samun sa ba, kuma akan same shi a wanda ya tashi cikin gata, don haka kar in je ina nuna iyayen mutane da yatsa. Ba a gane shi da gwajin jini, ba ya fitowa a hoto. Da zama ake gane shi, zama bayan zama, da tambayar mutumin da waɗanda suka san shi. Sai an cire shaye-shaye, an cire ciwon baƙin ciki mai zuwa ya tafi, an cire ciwon da ke sa jin muryoyi, an cire rauni a kai. Babbar alamarsa kuma ita ce, yana farawa ne tun tasowar mutum, wajen samartaka. In mutum ya kai shekara arba'in lafiya lau da jama'a sa'annan ya sauya, wani abu ne daban, hanyar maganinsa ma daban. Shi ya sa tambayar nan ta "tun yaushe" ta fi kowace nauyi a ɗakin.

Aikin da ya fi koya mini wannan larura shi ne na Memuna, shi ne kuma ya jawo mini mummunar shekara. Matashiya ce mai gyaran gashi daga Alajo, 'yar'uwarta ta kawo ta da yanka-yanka a hannu. Tun zaman farko ta ce ba ta taɓa samun wanda ya fahimce ta kamar ni ba, ta ce ni ne ubanta duniya da lahira. Tana kawo mini ƙosai, ina mayarwa. Sista ta ce, "Baba, ka yi hankali. Ba ƙarya take yi ba, har zuciyarta take ji. Amma tsoron a guje ta ya fi ƙarfinta. Ranar da ta ga kamar ka juya baya, za ka faɗo daga inda ta ɗora ka." Ranar ta zo. Na tafi jana'iza Madina, aka sa wani ya fassara mata. Washegari ta tsaya a bakin masallacinmu bayan azahar, ta ce duk abin da ake faɗa a ɗakin likita ni ke kwasowa ina rabawa a wurin mai shayi.

Ban taɓa yi ba, amma yaya mutum zai nuna abin da bai yi ba? A waccan shekarar mutanen Zango suka daina nema na. Masu zuwa asibiti suka gwammace su yi ta fama da guntun Twi da su ga fuskata. Wata tsohuwa ta hango ni a layi ta ja jikanta suka koma gida ba su ga likita ba, wannan ya fi komai tsaya mini. Ba ni da halin kare kaina, domin in na ce Memuna ba ta da lafiya, na aikata abin da ta ce ina yi. Na ci gaba da zuwa, ina zama a benci, wata rana tun safe har a tashi ba a kira ni ba. Can wajen ƙarshen shekara ta dawo da kanta, ta ce ba ta yarda da kowa ya fassara mata sai ni. Sista ta zaunar da mu, aka sa ƙa'ida: rana kaza ake zuwa, in ba zan samu ba a gaya mata tun da wuri, babu ƙosai, babu kiran uba. Ta daɗe tana zuwa zaman magana, domin wannan larura magana ce babban maganinta, ƙwaya taimako kawai take yi a wasu wurare. Yanzu tana da shagonta. Ba ta koma bakin masallaci ta janye maganarta ba, ni ma ban nema ba. Mutane sun dawo a hankali.

To, ga inda mu mutanen Zango muke ɓata wa likita aiki ba da mugun nufi ba. Rufin asiri muke yi, kuma iri biyu ne. Wasu sukan ce abin jiya-jiya ya fara, alhali tun yarinta yake, domin abin da ya zo dare ɗaya ana iya cewa jifa ne ko iska, ba laifin gida ba, kuma ana sa ran allura ɗaya ta cire shi. Wasu kuma sukan ce haka Allah Ya yi shi, alhali kwanan nan ya sauya, domin a wurinmu mai hali mutum ne kamar kowa, mai ciwon ƙwaƙwalwa kuwa ba a ba shi aure, ba a sayen kayansa. Duka biyun don ƙauna ake yi. Duka biyun kuma suna aika likita hanyar da ba ita ba.

Maganar Alhaji ta tsaya mini a rai tun a ɗakin, amma tafinta ba ya gyara shaida a gaban mai ita. Bayan sun fita na gaya wa Sista abin da kowane ɗan Zango zai lura da shi: wanda ya tashi a Maamobi ba ya rasa Twi, Haruna kuwa ko gaisuwa bai iya ba. Ta ce likita ma bai natsu ba saboda tabon, ta ce in je gida in sake tambaya a tsanake. Na sami Alhaji da hantsi a ƙofar gida, yana kan tabarma yana yayyafa wa goro ruwa. Bayan gaisuwa na ce, "Alhaji, yaron da ya tashi a hannunka, yaya aka yi bai iya sayen ko barkono da Twi ba?"

Ya yi dariya har da tari. "Malam Idi, kai dai ba ka barin abu ya wuce."

"Ba na iya barci ne, Alhaji."

"Zauna. Wani direban albasa ne ya sauke shi a ƙofar nan, shekarun baya kaɗan, ya ce baƙo ne ba shi da kowa. Da buhunsa ya zo, da tabonsa. Direban ma ya rasu."

"To me ya sa ka ce wa likita a hannunka ya tashi?"

"So kake in ce wa bare ban san wanda ke kwana a gidana ba? Kuma in na ce ciwo ne, kafin magariba duk Maamobi ta ji na ajiye mahaukaci. Wa zai sayi albasarsa? Hali kuwa kowa na da shi. Ni ma ina da nawa, tambayi Hajiya."

"Uban nasa fa, da ka ce shi ma haka yake?"

Ya miƙo mini goro. "Wannan ƙari na yi, don maganar ta zauna."

Na kai wa likita. Bai yi fushi ba, ya ce yanzu dai mun san ba mu sani ba. Ya ce duka a kai yana iya sauya halin babban mutum, mai fara'a ya koma mai zargi. Ana iya ɗaukar hoton kai, kuma yana so a yi, amma Haruna ya ƙi, ya ce ba mai sa kansa cikin inji. Ko da ya yarda, in ji likita, hoto zai nuna tsohon rauni ne, ba zai faɗi yadda mutumin yake kafin raunin ba. Wannan sai wanda ya ci abinci da shi a lokacin. Ya ce ba zai ɗora wa mutum sunan larurar da zai ɗauka har ƙarshen ransa a kan shaidar da babu ba.

Abin da Alhaji bai hango ba shi ne, rufin da ya yi wa Haruna shi ya yaye shi. Maganar "hali ne" ta riga ta shiga gidan. Masu haya suka taru a tsakar gida, aka kira ni. Anti Adiza, mai kokon da aka kifar wa ƙullu, ita ta fara.

"Baba Tafinta, Alhaji da bakinsa ya ce hali ne. Da ciwo ne, a ba shi magani mu yi haƙuri, ai mu ma Musulmi ne. Hali kuwa, wace allura ke cire shi?"

Wani direban tasi ya ce, "Jiya na yi tari, ya ce da shi nake. Na gaishe shi, ya ce me nake nufi. Yau ban gaishe shi ba, ya ce ai dama ya gane ni."

Aka yi dariya, amma Anti Adiza ba ta yi ba. Ta ce, "Ni jikokina ke wasa a ƙofar nan. Ko ya tashi ko mu tashi."

Na ce musu ba ni da ikon faɗin abin da aka yi a ɗakin likita. Abin da na iya faɗa shi ne na kowa da kowa: ko larurar hali ce ba a yanke ƙauna, ana samun sauƙi, sai dai a hankali, kuma Sista takan zo gida ta zauna da maƙwabta ta nuna musu yadda ake zama da irin wannan mutum. A gaya masa abu kai tsaye, kar a yi raɗa a gabansa, kar a yi masa wasan zolaya, in an yi alkawari a cika. In kuma daga rauni ne, akwai wata hanyar.

Anti Adiza ta ce, "To wanne ne a ciki?"

Na ce ban sani ba.

"To a je a sano. Ni ba zan yi haƙuri da abin da ba shi da suna ba."

Alhaji ya roƙe su da girman Allah, suka ba shi zuwa bayan Babbar Sallah. In Sista ta zo da magana tsayayya, za su saurara. In ba ta zo ba, Haruna ya nemi wani wuri. Wanda ya san Accra ya san yadda ɗaki ke wuya ga mai lafiya ma, balle baƙon da labarinsa zai riga shi isa kowane gida. Sista kuma ta ce ba za ta je ta faɗi abin da ba ta sani ba, kuma ina ganin gaskiyarta.

Na sami Haruna a teburin albasarsa da rana, yana ware albasa manya gefe ƙanana gefe. Na tsaya inda zai ga hannuwana.

"Malam, wa ya aiko ka?"

"Ni na aiko kaina."

"Haka kowa ke cewa."

Na gaya masa komai kai tsaye, ban rage ba: abin da masu haya suka ce, abin da likita ke nema, da niyyata ta rubutawa in tambayi jama'a. Na ɗauka zai kore ni. Ya daɗe yana ɓare bawon albasa ɗaya, sa'annan ya ce, "A tambayo. Za su gaya muku ni ban taɓa faɗa da kowa ba, sai da aka kawo ni gidan munafukai."

"In suka faɗi akasin haka fa?"

"To an saye su."

"Haruna, ni duk abin da aka gaya mini, shi zan kai wa likita. Ba zan gyara ba."

Ya kalle ni sosai. "Na sani. Na ga kana maido magana yadda take. Shi ya sa ban kore ka ba."

Ya ba ni abin da ya ga dama, ba yawa. Da na gama rubutun na koma na karanta masa duka, har da maganar masu haya, ina jiran ya ce a yage. Ya sa na cire sunan ubansa da na ƙauyensu. Ya kuma ce in rubuta cewa albasarsa ba ta da ruɓa. Na rubuta, kuma gaskiya ce, na saya na gani.

Ga roƙona ga duk wanda wannan ya isa gare shi, musamman direbobin albasa da masu lodi da 'yan'uwanmu na Nijar da ke Kumasi da Lome, domin ya ce ya zauna a garuruwan biyu. Haruna daga wajen Dogon Dutsi yake, ubansa mai haƙar rijiya ne, shi kuma ya yi aiki a bayan manyan motocin albasa. Bahago ne. In kun san shi kafin ya sami tabon nan a kai, ku zo wurin mai shayin da ke bakin babbar gwatar Nima, wato magudanar ruwa, bayan la'asar, ku tambayi Baba Tafinta, ko ku aiko wanda kuka yarda da shi. Abin da nake son ji ƙanana ne. Yana da abokai? Yana sa hannu a kwano ɗaya da mutane? In an tsokane shi yana dariya? Ya taɓa ba wani ajiya? Yaushe ya faɗi, kuma da ya tashi, shi ne ko wani ne?

Ba yabo nake nema masa ba, ba kuma suka ba. Don Allah kar ku rufa masa asiri a wurina, an riga an rufa masa, ga inda ya kai shi. In shekara ɗaya kuka san shi, ku ce shekara ɗaya. In ji kuka yi ba gani ba, ku ce ji kuka yi. In ba ku tabbata ba, ku zo haka nan ku ce ba ku tabbata ba, zan kai wa likita yadda kuka faɗa. Sai dai ku hanzarta. Yau da safe na ga an fara sauke raguna a bakin titi.